Daga Dandaji zuwa Yamai: Yadda Mariam Issoufou ke dawo da martabar ginin ƙasa

A ranar Talata 3 ga watan Satumban 2024, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya zube, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya da aka yi ta tafkawa a yankin. Masallacin, wanda aka gina da ƙasa tsakanin 1848 da 1852, ya haura shekara 170 a tsaye. Cikin ɗan lokaci hotunan faɗuwarsa suka karaɗe wayoyin 'yan Nijar na gida da na ƙetare.

Daminar wannan shekarar ta bar tabo a kusan ko'ina. Alƙaluman hukuma sun nuna mutum sama da 300 sun rasu, ambaliyar kuma ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Da yawa daga cikin mamatan gini ne ya faɗo musu. A watan Oktoba gwamnati ta rage farashin siminti domin jama'a su samu damar sake gini.

Darasin da mutane da yawa suka ɗauka shi ne ginin ƙasa ya gama zamaninsa, duk wanda Allah ya hore wa ya koma bulo da kwano. Sai dai akwai wata 'yar Nijar da ta shafe fiye da shekara goma tana nuna cewa maganar ba a nan ta tsaya ba. Ita ce Mariam Issoufou, wadda a baya aka fi sani da Mariam Kamara, mai zanen gine-gine da a yau sunanta ya kai manyan jami'o'in duniya. Ayyukan da suka fito da ita biyu ne: wasu ƙananan gidaje shida a Yamai, da wani tsohon masallaci a jihar Tawa da aka so rushewa. Dukansu da ƙasa aka yi su.

Daga kwamfuta zuwa zanen gini

An haifi Mariam a 1979 a birnin Saint-Étienne na Faransa, amma a Nijar ta tashi, kuma ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a arewa, a yankin Agadas. Duk da cewa tun tana ƙarama take son zane, da ta tafi karatu Amurka sai ta zaɓi abin da ake gani zai fi saurin kawo abinci. Ta karanci ilimin kwamfuta a jami'ar Purdue, ta ƙara digiri na biyu a jami'ar New York, sannan ta yi shekaru tana aiki a matsayin mai tsara manhajoji.

Ta haura shekara talatin lokacin da ta ajiye wannan aikin ta koma aji. A jami'ar Washington da ke Seattle ta karanci zanen gine-gine, ta kammala a 2013. Binciken da ta yi na kammala karatu ya taɓo abin da duk matashin Yamai ya sani. Samari suna da fada, inda suke zama a bakin titi ana dafa shayi ana hira har dare. 'Yan mata ba su da irin wannan wurin, domin budurwar da aka gani zaune a titi ta shiga bakin mutane. Abin da suke yi shi ne su riƙa tafiya tare daga wannan gida zuwa wancan, hirar tana gudana a hanya. Mariam ta yi nazarin wannan yawon, ta zana wuraren da za su dace da shi. Tun daga nan aka fara ganin salonta: ta fara duba yadda mutane ke rayuwa a zahiri kafin ta ja layi a takarda.

A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta raɗa masa suna atelier masōmī. Kalmar Hausa ce, masomi, wato mafarin abu. Daga baya ofishin ya koma amsa sunanta.

Gida shida a filin gida ɗaya

Ƙidayar 2012 ta nuna mazauna Yamai sun haura miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin garin sai faɗaɗa yake yi ta kowane gefe. Yawan jama'ar Nijar na ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 a kowace shekara. Tsarin da aka saba da shi kuwa shi ne mutum ya sayi fili, ya zagaye shi da katanga, ya dasa gida ɗaya a tsakiya. Sakamakon haka sabbin unguwanni na ƙara nisa da wurin aiki da kasuwa da asibiti, ruwan famfo da wutar lantarki kuma sai sun ɗauki shekaru kafin su iso.

Wannan matsalar ce Mariam da abokan aikinta uku, Yasaman Esmaili 'yar Iran, da Elizabeth Golden 'yar Amurka, da Philip Sträter ɗan Jamus, suka tunkara a ƙarƙashin haɗin gwiwar da suka kira united4design. Aikinsu, mai suna Niamey 2000, an kammala shi a 2016. Gidaje shida ne na iyali shida, a kan fili mai girman wanda aka saba gina gida ɗaya a kai.

Ba su yi dogon bene irin na Turai ba, inda iyalai ke zaune wani a kan wani, suna haɗa matakala ɗaya. Kowane gida yana da ƙofarsa, da tsakar gidansa, da ɗakuna a sama, da wurin shan iska. Masu zanen sun ce sun ɗauki darasi ne daga tsofaffin birane irin su Damagaram da Kano da Tumbuktu, waɗanda tun kafin zuwan Turawa gidajensu ke manne da juna, lunguna na ba da inuwa, amma kowa da sirrin gidansa. Duk wanda ya taɓa ratsa Birni ko Zango a Damagaram da tsakar rana ya san bambancin zafin lungu da na babban titi.

Tsakar gida a nan ba ado ba ce. A can ake daka, ake girki, ake wanki da shanya, a can yara ke wasa, a can ake shimfiɗa tabarma da dare lokacin bazara. Gidan da ba shi da ita, ko da tayil aka shafe shi, matan gida ne za su fara jin takura. Shi ya sa aka rage girman ɗakuna aka bar wa sararin waje haƙƙinsa. A 2022 aikin ya shiga jerin gine-gine 20 da aka tantance domin lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin mafi daraja a wannan fanni.

Bulon da ba a gasawa

Abin da ya fi jan hankali a gidajen shi ne bangonsu. Ba tubali ba ne irin na kakanni, ba kuma bulon siminti ba ne. Bulo ne na jan ƙasa da ake matsewa da inji, wanda masu sana'ar suka fi sani da BTC. Ana haƙo ƙasar, a tankaɗe ta, a zuba mata siminti kaɗan, galibi bai kai kashi 10 cikin 100 ba, a yayyafa ruwa, sannan inji ya danne ta da ƙarfi ta fito da kusurwoyi daidai wa daida. Ba a gasa shi, don haka ba a ƙona itace. Ana lulluɓe shi ne da leda na wasu makonni har ya kama jikinsa.

Amfaninsa na farko a zafi yake. A watannin Afrilu da Mayu, zafin Yamai da Tawa yakan wuce digiri 40. Bulon siminti mai rami a ciki da rufin kwano ba sa tare wannan zafin, kafin azahar ɗaki ya zama tanda, da dare kuma bango ya ci gaba da fitar da wanda ya tara. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta shigowar zafi na tsawon sa'o'i, ta yadda kafin ya ratso ciki rana ta faɗi, iska ta fara sanyi. Idan aka haɗa shi da tagogin da aka jera don iska ta ratsa, da inuwar da gini ke yi wa gini, buƙatar kilim tana raguwa sosai.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da ta daɗe tana sayo mafi yawan wutarta daga Najeriya. Mazauna Yamai da Maraɗi da Damagaram ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da aka yanke layin wutar saboda takunkumi. A wancan lokacin, gidan da ba a iya zama cikinsa sai da kilim ko fanka ya nuna wa masu shi iyakarsa.

Amfani na biyu a aljihu da muhalli yake. Ko da yake akwai masana'antar siminti a Malbaza, rodi da tayil da gilashi da kwano yawancinsu daga waje suke shigowa, ƙasar kuma ba ta da gaɓar teku, kowace tirela sai ta ci kuɗin hanya. Jan ƙasa kuwa tana nan a bayan gari, kuɗin da aka kashe a kanta a hannun leburori da magina na gida yake tsayawa. A duniya baki ɗaya, sarrafa siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama yanayi, wanda ƙasashen Sahel ke cikin masu ɗanɗana kuɗarsa.

Masallacin da ya zama ɗakin karatu

Aikin da ya fi fito da sunan Mariam ba a babban birni yake ba. A Dandaji yake, wani gari mai mutum kusan 3,000 a yankin Illela na jihar Tawa, inda mahaifinta ya fito. Masallacin Juma'ar garin na ƙasa ne, ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan, ruwa ya ci bangonsa. Shawarar da aka yanke ita ce wadda ake yankewa a garuruwa da yawa: a rushe shi, a gina sabo na siminti a wurin.

Mariam da Yasaman Esmaili suka kawo wata shawarar. A gina sabon masallaci a gefe, wanda zai ɗauki mutum 1,000, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu da wurin taruwar jama'a. Aka amince. An kammala aikin a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, domin tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, cibiyar da malaman zamanin Abbasiyawa suka haɗa ilimin addini da lissafi da likitanci da ilimin taurari a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Gyaran tsohon ginin ba a ba wa baƙi shi ba. An gayyato maginan da suka yi aikin ginin tun farko suka shiga cikin ma'aikata. Su suka san yadda aka ɗaura bakan gizo, su suka san inda nauyin rufin ke sauka. Aka sabunta bangon waje da rufi, aka ƙara wa yaɓen abubuwan da ke sa ya jure ruwa. A ciki aka jera kantocin littattafai da suka raba wurin gida-gida, mai son karatu shi kaɗai ya samu lungunsa, masu karatun rukuni su samu nasu, aka kuma ɗaga wani ɗan bene domin ƙarin wurin zama. An tanadi azuzuwa na yaƙi da jahilci da na tarurruka, waɗanda mata ke cikin masu cin moriyarsu.

Sabon masallacin da bulon BTC aka gina shi, kuma yawancin kayan aikin daga wuraren da ba su wuce kilomita 5 da garin ba aka samo su. Ya ɗauki siffar ginin Hausa, da ginshiƙai da ƙubbobi. Tsakanin masallacin da ɗakin karatun an shuka itatuwa, ana shayar da su da ruwan saman da ake tarawa a wani tanki na ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya fito salla yana ganin ƙofar ɗakin karatu, ɗalibin da ke karatu kuma yana jin kiran salla ya tsallaka.

Aikin ya samu lambar zinare ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, sannan ya zo na biyu a duniya a 2018. A wannan shekarar ce kuma ofishin Mariam ya kammala sabuwar kasuwar Dandaji, wadda aka gina a kewayen wata tsohuwar bishiya da ake cin kasuwa a gindinta tun da. Shagunan na bulon ƙasa ne, a samansu kuma aka kafa wasu faya-fayan ƙarfe masu launi iri-iri, wani sama da wani, suna ba da inuwa kamar ganyen itace.

Gadon Falke Barmu

Tsohon masallacin Dandaji ba aikin ƙaramin magini ba ne. Yana cikin ayyukan Alhaji Falke Barmu, maginin da ya gina masallacin Yama, shi ma a jihar Tawa. An fara masallacin Yama a 1962, kowane gida a garin ya ba da gudunmawarsa, wasu tubali, wasu ruwa, wasu itace. A 1975 Falke ya sake rufin da bakan gizo da ƙubba, tsakanin 1978 da 1982 kuma ya ƙara hasumiyoyi huɗu, kowacce da siffarta. A 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan. Wato shekara 30 kafin a gama gidajen Niamey 2000, wani maginin ƙauye daga Adar ya riga ya kai ginin ƙasar Nijar gaban duniya.

Sana'ar da ya gada tana da zurfi. Magina a ƙasar Hausa suna da sarkinsu, suna da kalmominsu da dabarunsu: tubalin da ake mulmulawa da hannu, azarar giginya da gara ba ta cika ci ba, ɗaurin guga, zankwaye a saman soro, indararo mai jefa ruwa nesa da bango, da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango da ita don kada ruwa ya ratsa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta, kuma tsohon garin na cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2013.

Abin da Mariam ta sha nanatawa a hirarrakinta shi ne ba kewar zamanin da ce ta sa take aiki da ƙasa ba. A ganinta, tun lokacin mulkin mallaka aka cusa wa mutane cewa ci gaba shi ne kwaikwayon ginin Turai, ko da bai dace da yanayi ko aljihu ba. Alamar hakan tana nan har a takardun hukuma, inda ake kiran siminti da ƙarfe «matériaux définitifs», wato kayan gini na dindindin, kamar dai ginin ƙasa na wucin gadi ne.

To me ke kayar da ginin ƙasa?

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce: idan ƙasa tana da wannan ƙarfin, me ya sa dubban gidaje ke zubewa kowace damina? Amsar da masana gini ke bayarwa ita ce ruwa, kuma ta hanya uku yake shiga.

Ta farko daga ƙasa. Gidan da aka gina ba tare da harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga bango sama da ƙasa ba, idan ruwa ya kwanta a gindinsa na kwana biyu, tushen zai jiƙe ya saki. A birane abin ya fi muni, domin magudanan ruwa sun toshe da leda, an ɗaga tituna sun fi gidaje tudu, talaka kuma ya gina a kwari ko a bakin korama saboda a nan ne ya iya samun fili. A irin wannan wurin ko bulon siminti ba ya tsira.

Ta biyu daga sama. Indararo ɗaya da ya toshe ko ya karye ya isa ya sa ruwa ya riƙa bin bango yana zaizaye shi. Ta uku ita ce barin yaɓe. A da, kafin faɗuwar damina kowane gida sai ya duba rufinsa, ya toshe tsaga, ya sake shafe bango. A Jenne ta ƙasar Mali har yau duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallaci. A wurare da yawa wannan al'adar ta mutu, matasa sun tafi biɗa, tsofaffi ba su da ƙarfi. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma gyaran da ke zama ɓarna. Mutane da yawa, da kyakkyawar niyya, sukan shafe tsohon bangon ƙasa da siminti. Daga waje sai a ga ya yi kyau. Amma siminti ba ya barin danshi ya fita, ruwan da ya shiga ta wata 'yar tsaga sai ya zauna a ciki yana cin bangon a ɓoye, har ranar da shafen zai ɓalle gaba ɗaya. Tsohon gini yana buƙatar wanda ya san halinsa.

Matsalar ba ta tsaya a Nijar ba. A watan Agustan 2023 wani ɓangare na babban masallacin Zariya, wanda aka gina a shekarun 1830, ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. A tsofaffin unguwannin Damagaram da Agadas da Kano kuwa, gidajen gado masu zane a fuska suna ƙarewa sannu a hankali. Magada sun yi yawa, babu wanda zai ɗauki nauyin gyara shi kaɗai, ƙarshenta a sayar, mai saye ya rushe ya jera shaguna. Darasin Dandaji a nan shi ne tsohon gini yana rayuwa ne idan aka ba shi aikin yi. Wanda ake shiga kullum, ana ganin tsagarsa da wuri.

Inda gizo ke saƙar

Duk da lambobin yabo, ba za a ce an shawo kan matsalar ba. Gidajen Niamey 2000 shida ne kacal, a garin da ke buƙatar dubbai, kuma an yi su ne domin masu matsakaicin ƙarfi. Mai tura baro ko mai sayar da ruwa ba zai iya mallakar irinsu ba. Bulon BTC yana buƙatar inji, da wanda ya san irin ƙasar da ta dace, domin ba kowace ƙasa ke yi ba. Wadda yumɓu ya yi wa yawa tana tsagewa, wadda yashi ya yi wa yawa tana marmashewa. Magini da bai samu horo ba zai iya ɓata aikin, kuma gida ɗaya da ya lalace ya isa ya kore unguwa guda daga wannan fasaha. Har ila yau ginin bai rabu da siminti kwata-kwata ba, ana sa shi a harsashi da wuraren da ke ɗaukar nauyi.

Sannan ga maganar mutane. Ga wanda ya yi shekara goma a Abijan ko Tarabulus ko Akara yana tara kuɗi, gidan siminti mai fenti shi ne shaidar cewa tafiyar ta yi albarka. Idan ya ce zai gina da ƙasa, abin da zai fara ji daga dangi shi ne, duk wahalar nan da ka sha a ƙasar mutane, ƙasa za ka dawo ka kwaɓa? Ruwan sama kuma yana ƙara zuwa da ƙarfi a 'yan shekarun nan, abin da ke nufin dabarun da suka isa a zamanin kakanni sai an ƙara musu.

Ba Mariam ce kaɗai ke wannan fafutuka ba. Tun 1980 aka fara koyar da ginin da ba ya buƙatar itace a Cikal ta yankin Filinge, inda ake rufa ɗaki da tubali kawai ta hanyar ƙubba. A maƙwabciya Burkina Faso, Francis Kéré, wanda ya fara da makarantar firamare ta bulon ƙasa a ƙauyensu Gando, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker a 2022.

Abin da ya rage ga masu gini

A yau aikin Mariam ya tsallaka iyaka. A 2018 aka zaɓe ta cikin shirin Rolex, inda ta yi aiki tare da David Adjaye, ɗan asalin Gana, a kan zanen wata cibiyar al'adu ta Yamai. A 2019 ta karɓi lambar Prince Claus ta ƙasar Holan. Ita aka ba zanen cibiyar tsohuwar shugabar Laberiya Ellen Johnson Sirleaf a Monrobiya, da gidan tarihi na Bët-bi a Senegal. A 2022 ta zama farfesa a jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizalan, a fannin gadon gine-gine da ɗorewarsu.

Amma makomar ginin ƙasa a Nijar ba a Zurich za a yanke ta ba. Tana hannun matashin da ya samu filinsa na farko a bayan gari, da ɗan ci-ranin da ke turo kuɗi duk wata ana aza masa bulo yana kallon hotuna a WhatsApp. Kafin a zuba harsashi, akwai tambayoyin da ayyukan Yamai da Dandaji suka nuna ya kamata a yi. Ina ruwa ke bi idan an yi sama, kuma harsashin ya ɗaga sama da shi? Ta ina rana ke dukan bango da yamma? Iska za ta ratsa ɗakunan idan an ɗauke wuta? Ɗaki nawa iyalin ke buƙata da gaske, kuma nawa ne na nuna wa maƙwabta? Gida ƙarami da aka gama aka shiga ya fi katafaren da ya shekara takwas babu rufi, irin waɗanda suka cika gefen garuruwa, awaki na kwana a ciki.

Ga masu tsohon gidan gado kuwa, kafin a kira mai katafila, akwai amfani a nemi tsohon magini ya duba. Sau da yawa abin da ginin ke nema bai wuce sabon indararo, da gyaran gindin bango, da hanyar da ruwa zai bi ya fita ba. Kuɗin hakan bai kai na tirelar siminti ɗaya ba.

Babban abin da ke neman ƙarewa shi ne masu ilimin kansu. Maginan da suka san ɗaurin guga da haɗin makuba yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu da dama sun koma aikin bulo ko sun bar sana'ar. A Dandaji an ci sa'a, an samu waɗanda suka gina masallacin da ransu, suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da matasan ma'aikata da injiniyoyi, kowa ya ƙaru da wani. Garuruwan da ke da irin waɗannan dattawa a Adar da Gobir da Damagaram suna da sauran dama, matuƙar an tura musu almajirai tun suna iya hawa tsani.